George Washington Carver: Ɗan baiwar da ya ɗauki noma ibada, ya kuma ci karo da masu gona

A ƙarshen rani, wanda ya bi hanyar da ta taso daga Maiyama ta ratsa Jega ta nufi Aliero, ƙamshin albasa ne zai fara tarbarsa tun kafin ya hango buhunanta jibge a bakin titi. Abin da idon matafiyi ba ya gani shi ne lissafin da ke bayan kowane buhu: bashin takin zamani, kuɗin man injin ban-ruwa, hayar fadama, da dillalin da ya san manomi ba shi da ƙarfin ajiye amfaninsa har farashi ya ɗaga. Wannan lissafi ba a ƙasar Kebbi aka fara shi ba. Fiye da ƙarni guda da ya wuce, a jihar Alabama ta kudancin Amurka, wani malamin gona baƙar fata ya kwashe shekara 47 yana kokawa da irinsa, kuma bai ɗauki aikin a matsayin neman abinci kawai ba. A wurinsa ibada ce.

Sunansa George Washington Carver. Duniya ta fi saninsa da gyada, har ana jingina masa abubuwan da bai ƙirƙira ba. Gyadar ce ta ba shi suna, ita ce kuma ta lulluɓe ainihin aikinsa.

An haife shi cikin bauta a wajajen 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, a gonar wani Bature mai suna Moses Carver kusa da ƙauyen Diamond a jihar Missouri. Ba a rubuta ranar ba, domin haihuwar bawa ba abin rubutawa ba ce a lokacin. Mahaifiyarsa Mary, Moses ya saye ta ne a 1855 kan dala 700. Yana jinjiri mahara suka shigo da dare suka yi awon gaba da shi da uwar tasa. Moses ya tura wani maƙwabci ya bi sawu, mutumin ya dawo da jaririn kawai, yana fama da tari kamar ba zai kai gobe ba, aka ba shi dokin sukuwa ladan wahalarsa. Mary kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Da aka soke bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da riƙon George da yayansa Jim. Jim ƙaƙƙarfa ne, shi ya bi Moses gona. George mai laulayi ne, sai aka bar shi a gida yana wanki, girki da ɗinki tare da Susan. Sauran lokacinsa a daji yake ƙarewa, inda ya share wani ɗan fili a ɓoye yana dasa tsirrai da furanni da ya tono. Maƙwabta suka lura cewa shukar da ta yi yaushi tana farfaɗowa a hannunsa, suka riƙa kawo masa tasu, suna kiransa likitan tsirrai. Shekaru da yawa bayan haka ya ba da labarin yadda ya fara addu'a yana ɗan kimanin shekara 10: yana ɓare masara a ɗakin ajiyar hatsi sai wani yaro ɗan maƙwabta ya ba shi labarin makarantar Lahadi da abin da ake nufi da addu'a, da yaron ya tafi sai ya hau sama ya durƙusa ya gwada. Daji da addu'a tare suka shigo rayuwarsa, bai kuma taɓa raba su ba.

Makarantar ƙauyen ba ta karɓar baƙar fata, don haka yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka ya taka zuwa garin Neosho. A can wata ungozoma mai suna Mariah Watkins ta sauke shi, ta koya masa magungunan gargajiya na ganye da saiwa, ta kai shi coci, ta kuma ba shi Littafi Mai Tsarki da ya riƙe har tsufansa. Daga nan yawo ya fara. A Fort Scott ta jihar Kansas, cikin Maris na 1879, ya ga taron fararen fata sun fito da wani baƙar fata daga kurkuku sun kashe shi sun ƙona gawar a bainar jama'a, ya bar garin nan take. Ya yi wanki da guga don ya biya kuɗin makaranta. Kwalejin Highland ta karɓe shi ta wasiƙa, da ya iso suka ga launin fatarsa suka mayar da shi. Ya gwada noma a yammacin Kansas, fari ya kore shi.

Sai a 1890 ya samu shiga Kwalejin Simpson a jihar Iowa, kuma zane ya je koyo. Malamarsa Etta Budd ta ga yadda yake zana furanni kamar wanda ya san su ciki da bai, ta kuma san zane ba zai ciyar da baƙar fata a Amurkar wancan zamani ba, sai ta ba shi shawarar komawa kwalejin aikin gona ta jihar a garin Ames, inda mahaifinta yake koyarwa. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi karatu a can. Ya gama digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya ƙware a kan cututtukan funfuna da ke kama amfanin gona, har aka ba shi kula da ɗakin renon tsirrai. Da ya so, da ya zauna a nan cikin rufin asiri.

Ƙasar da auduga ta cinye

A 1896 Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙar fata ta Tuskegee a Alabama, ya gayyace shi ya kafa sashen aikin gona kan albashin dala 1,000 a shekara. Carver ya karɓa, kuma ya ɗauki kiran a matsayin aiken Ubangiji zuwa ga mutanensa. Abin da ya tarar ya wuce yadda ya zata. Shekara da shekaru ana shuka auduga a gona ɗaya ba hutu, har ƙasa ta mutu, ruwan sama ya yayyanka ta ya bar kwazazzabai jajaye. Mafi yawan manoma baƙar fata ba su da gonar kansu. Noma-mu-raba suke yi da mai ƙasa, ko su karɓi haya. Ɗan kasuwa ne ke ba su iri, taki da abinci bashi tun farkon damina, da jinginar amfanin da ba a ma shuka ba, kuma ba ya karɓar komai sai auduga, domin ita ce ba ta ruɓewa, ba a kuma iya cinye ta. Da kaka a yi lissafi, manomi ya tashi da bashi, ya shiga sabuwar shekara da igiya a wuya. Auduga ake shukawa har bakin ƙofar ɗaki, ba a barin wurin ko da ɗan lambun ganye. Abincin gida bai wuce garin masara, kitsen alade da ruwan rake ba, cututtukan rashin gina jiki kuwa sun zama ruwan dare.

A nan imaninsa da iliminsa suka haɗu suka zama abu ɗaya. Carver ya karanta farkon Littafin Farawa, inda aka sa mutum cikin gona don ya nome ta ya kuma kiyaye ta, ya ɗauke shi a matsayin umarni mai ci har yau. Ƙasa amana ce, wanda ya tsotse ta ya bar ta kango ya yi zunubi, ba kuskuren sana'a kawai ba. Ya kuma yi imani cewa Mahalicci bai halicci abin banza ba: abin da ake kira shara, abu ne da mutum bai gano amfaninsa ba tukuna. Wannan tunani tsoho ne a Kiristanci, tun zamanin sufayen da suka bi tsarin Benedict na Italiya a ƙarni na 6, waɗanda suka raba yininsu tsakanin addu'a da aikin hannu. Bambancin shi ne su a bayan katangar gidan ibada suka yi nasu, shi kuwa a tsakiyar mutanen da bashi ya ɗaure.

Da ƙarfe huɗu na asuba yake tashi ya shiga daji shi kaɗai, yana addu'a yana tsinto ganye, duwatsu da naman kaza, ya dawo da tsarin aikin yini. Kullum akwai fure maƙale a wuyan tsohuwar kwat ɗinsa. Ɗakin gwajinsa na farko da kwalabe da tukwanen da ya sa ɗalibai suka tsinto a juji ya haɗa shi. A 1907 wasu ɗalibai suka roƙe shi ya buɗe musu ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da yammacin Lahadi, ajin ya ɗore kimanin shekara 30. Yakan shigo da tsiro ko dutse a hannu, ya yi bayanin labarin halitta da abin da ake iya gani da taɓawa. Bai ga saɓani tsakanin littafin da madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta ba.

Abin da ya koyar a gona kuwa manomin Jega ba zai ji shi baƙo ba. Majalisar Alabama ta kafa tashar gwajin noma a Tuskegee a 1897 da kasafin dala 1,500 a shekara, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da farko Carver ya gwada takin zamani kamar yadda aka koya masa a Iowa, amma ya gane mutanen da yake yi wa aiki ba za su iya saye ba sai da ƙarin bashi. Sai ya juya ga abin da ke kwance kyauta: ganyen daji, laka daga fadama, kashin dabbobi, toka, duk a tara a bari su ruɓe su zama taki. Ya ce a huta da auduga a shuka wake, domin saiwarsa tana mayar wa ƙasa sinadarin da auduga ta zuƙe, ƙwayarsa ta ciyar da iyali, harawarsa ta ciyar da alfadari. Ya ƙara da dankalin Hausa da gyada, da lambu a bayan kowane gida, da shanya kayan miya da 'ya'yan itace don lokacin sanyi. Har farar ƙasa da jar ƙasar yankin ya nuna yadda za a shafe bangon ɗaki da su, domin a ganinsa talaka ma yana da haƙƙin ganin abu mai kyau.

Ƙananan littattafai 44 ya fitar a tsawon aikinsa, da harshen da wanda ya yi aji uku zai gane. Na farko, a 1898, kan ciyar da dabbobi da 'ya'yan wata bishiyar daji ne da ke zuba a banza. Na 1905 kan farfaɗo da ƙasar da ta gaji. Na 1916 ya kawo yadda ake noman gyada da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. Tun da ba kowa ke karatu ba, a 1906 aka ƙera keken doki da ya tsara, da kuɗin wani attajiri Morris Jesup, aka loda masa garma, iri da kayan gwaji, ana kai makaranta har bakin gona. Ɗalibinsa Thomas Campbell ne ya riƙa jan wannan keke ƙauye-ƙauye, ya zama malamin gona baƙar fata na farko a ƙarƙashin gwamnatin tarayya.

Akwai wani abin lura da ya shafi wannan yanki na duniya. A daidai shekarun da Carver ke roƙon manoman Alabama su rage auduga, makarantarsa ta Tuskegee ta aika tawaga zuwa Togo, wadda ta fara aiki a 1901, don taya Jamusawa 'yan mulkin mallaka dasa noman auduga na sayarwa Turai. A Arewacin Najeriya ma Turawan Ingila sun ja layin dogo zuwa Kano, ya isa a 1911, da fatan auduga za ta riƙa kwarara zuwa masaƙun Lancashire. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyada: ta fi kawo kuɗi, tana zama lafiya da gero da dawa, idan kasuwa ta faɗi kuma ana iya cin ta. Ba su taɓa jin sunan Carver ba, amma hujjarsu da tasa ɗaya ce. Daga wannan zaɓi ne dalar gyada ta tashi a Kano.

Inda taki bai isa ba

Tambayar da masu yabonsa suka daɗe suna kauce wa ita ce ko shirin ya yi aiki. Ga manomin da ke da 'yar gonarsa, ya yi. Ga mai haya da mai noma-mu-raba, waɗanda su ne mafi yawa, da ƙyar. Takin gargajiya sai ya shekara biyu ko uku kafin a ga cikakken amfaninsa, alhali mai haya bai san ko zai kai baɗi a gonar ba. Idan ya gyara ta ta yi kyau, mai ƙasa ya ƙara kuɗin haya ko ya karɓe abinsa. Idan ya ce zai shuka wake, ɗan kasuwa ya hana shi bashi. Carver ya san da haka, shi ya sa yake ta nanata a sayi ƙasa. Har lissafi ya yi musu: wanda ya ajiye senti 5 kowace ranar aiki zai tara dala 15 da senti 65 a shekara, kuɗin eka uku a farashin lokacin. Lissafin daidai ne a takarda. Amma a 1901 Alabama ta yi sabon kundin tsarin mulki da ya ƙwace ƙuri'a daga hannun kusan dukkan baƙar fata, kotu ta fararen fata ce, littafin bashi a hannun ɗan kasuwa yake, kuma baƙar fatar da ya fara tara abin kansa yana iya jawo wa kansa abin da Carver ya gani a Fort Scott.

A kan wannan bai ɗaga murya ba. Ya bi tafarkin Washington na lallaɓa masu iko, ya yarda cewa aiki nagari da kyakkyawar mu'amala za su narkar da ƙiyayya. Ya yi jawabai a kwalejojin fararen fata na kudu, ya ja hankalin matasa da dama, wasu sun sauya tunani ta dalilinsa. Sai dai dokar ƙasa da ta ƙuri'a ba su motsa ba. Wanda zai yi masa hukunci ya tuna cewa shiru a Alabamar wancan lokaci wani lokacin shi ne kuɗin zama da rai. Duk da haka gaskiya ce cewa ya gano ciwon ƙasa dalla-dalla, ciwon mallakarta kuwa ya bar shi ga addu'a da tsimi.

A cikin gida ma bai sha da daɗi ba. Shi mutum ne na bincike da koyarwa, ba na riƙon ofis ba. Washington yana son rahoto da lissafin kaji da shanu, Carver yana ganin an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Rigimar kajin da ke mutuwa da ɓacewa a gonar makarantar ta ja shekaru, ya sha barazanar ajiye aiki, a 1910 aka karɓe masa shugabancin sashen aka bar shi da bincike. Sai bayan rasuwar Washington a 1915 tauraronsa ya fito.

Gyada ce ta fito da shi. Ƙwaron da ke cin ƙwallon auduga ya shigo Alabama a wajajen 1910, ya tilasta wa manoman kudu maso gabashin jihar, galibinsu fararen fata, komawa gyada, har garin Enterprise ya kafa wa ƙwaron gunkin godiya a 1919. Masu harkar gyada suna neman a sa haraji kan wadda ake shigowa da ita daga Asiya, suka ga Carver zai yi musu amfani. A 1920 suka gayyace shi taronsu a wani otal a Montgomery, inda aka sa shi ya hau ta na'urar ɗaukar kaya saboda launinsa. A Janairun 1921 ya bayyana gaban kwamitin haraji na majalisar wakilai. Minti 10 aka ba shi, wani ɗan majalisa ma ya yi masa ba'a irin ta wariyar launi. Ya buɗe akwatinsa ya riƙa fito da madara, gari, alewa da rini, duk daga gyada, suka yi ta ƙara masa lokaci. Aka sa harajin a dokar 1922, shi kuma ya wayi gari sananne a faɗin ƙasa.

Daga nan labari ya fi gaskiya gudu. Aka ce shi ya ƙirƙiri man gyada na shafa wa burodi, alhali an riga shi. Aka ce shi kaɗai ya ceci tattalin arzikin kudu. Jerin abubuwa kusan 300 da ake cewa ya fitar daga gyada, da yawansu girke-girke ne ko gwaje-gwajen da ba su kai kasuwa ba, kuma takardun mallakar fasaha uku kacal ya yi rajista. Tausar man gyada da ya riƙa yi wa masu shan inna a shekarun 1930 ta jawo dubban wasiƙu, amma likitoci sun ga tausar ce ke taimakawa, ba man ba. Bai cika gyara waɗannan ƙarin gishiri ba. Fararen kudu kuma sun sami irin baƙar fatar da suke so a nuna: haziƙi, mai tawali'u, mai tsoron Allah, marar neman haƙƙi.

Imanin nasa ma ya jawo masa suka. A Nuwamban 1924, a wani coci a birnin New York, ya shaida wa taron mata masu aikin bishara cewa ba ya shiga ɗakin gwaji da littafi, Ubangiji ne ke buɗe masa hanya. Jaridar New York Times ta yi sharhi tana cewa masana kimiyya ba sa magana haka, irin wannan furuci zai zubar da mutuncinsa da na makarantarsa. Ya mayar da martani da jerin karatun da ya yi da malaman da suka koyar da shi, ya bayyana cewa ilhama ba ta soke ilimi, a kansa take sauka. Sukar tana da ƙamshin raini, amma ba ta rasa tushe ba: Carver bai cika ajiye rubutaccen bayanin gwaje-gwajensa yadda wani zai maimaita su ba.

Bai yi aure ba, bai gina gida ba, a ɗakunan makaranta ya zauna har ƙarshe. Manya sun neme shi, ciki har da Henry Ford mai kamfanin motoci, wanda ya sa aka kafa masa na'urar hawa bene da ƙafafunsa suka yi rauni. A 1940 ya ba da abin da ya tara, kimanin dala 33,000, aka kafa gidauniyar bincike da sunansa a Tuskegee. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya fitar da ɗan littafi kan ganyayen daji da ake iya ci, irin waɗanda ya fara tonowa yana yaro a Missouri. A lokacin dubban 'ya'yan manoman da ya yi wa wa'azin taki da wake sun riga sun bar gonakin haya sun hau jirgin ƙasa zuwa biranen arewa neman aikin masana'anta.

Ya faɗi a matakalar bene a ƙarshen 1942, ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da kabarin Booker T. Washington. A watan Yulin shekarar shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar da ta mayar da gonar Moses Carver wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka. A 1947 gobara ta tashi a gidan tarihin da ya kafa a Tuskegee, ta lalata mafi yawan zane-zanen furanninsa, kaɗan ne suka tsira.